Ƙarin kashi 10 ga wanda ya yi wahalar kaya: daga kason wa za a cire?

"Assalamu alaikum, Malam. Mu uku ne muka haɗa jari a kakar bara, muka sayi wake muka ajiye. Kawuna Alhaji ya sa sefa miliyan 5, ni na sa miliyan 3, ƙanena ɗan baffana ya sa miliyan 2. Shi ne ya yi yawon kasuwannin ƙauye wajen saye, shi ya kula da ajiya, shi ya raka kayan har aka sayar. Tun farko mun ce za a ƙara masa kashi 10 cikin 100 saboda wahalarsa, amma da baki muka yi, ba mu rubuta ba. Yanzu riba ta fito miliyan 2. Shi yana cewa kasonsa ya tashi daga 20 zuwa 30. Kawu ya ce to a cire 5 a wurinsa, a cire 5 a wurina. Ni raina bai kwanta da wannan rabo ba, amma na kasa faɗin inda ya karkace, kuma ba na son a ce na yi wa babba gardama a kan kuɗi. Yaya ake gyara kason kowa idan an ƙara wa mutum ɗaya?" Daga wani mai karatu a Zengu, Damagaram.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a abin da kuka samu, ya kuma kiyaye zumuncinku. Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ne suka sarƙe a wuri guda. Ta farko, nawa ne ainihin ƙarin da kuka yi wa ƙanenka alkawari. Ta biyu, idan an san adadinsa, wa zai ɗauki nauyinsa, kuma kowa nawa. Aikina riƙe wa ƴan kasuwa littafin lissafi ne a nan Damagaram, kuma irin wannan magana tana yawan zuwa teburina bayan an sayar da kaya, lokacin da kuɗi ya riga ya shigo kowa ya ƙirga nasa a zuci. Raina yana tare da naka a kan tambaya ta biyu: rabon da Kawu ya kawo ya karkace, kuma zan nuna maka wurin. Amma sai mun bi ta farko tukuna.

Da ba a yi maganar ƙari ba, rabon ba shi da wuya. Jari miliyan 10 ne, Kawu yana da rabi, kai kana da kashi 30, ƙanenka yana da 20. Ribar miliyan 2 sai ta zama miliyan 1 ga Kawu, jikka 600 gare ka, jikka 400 gare shi, a lissafinmu na jikka guda sefa 1,000. Ka riƙe waɗannan lambobi uku, domin da su za mu auna duk abin da zai biyo baya.

Alkawari ɗaya, lissafi huɗu

Hanya ta farko ita ce a cire ƙarin daga sama, kafin a taɓa rabo. Kashi 10 na miliyan 2 jikka 200 ne, a ware wa ƙanenka shi a matsayin ladan aiki. Saura jikka 1,800, a raba shi gwargwadon jari: Kawu 900, kai 540, ƙanenka 360. Idan ya haɗa 360 da 200 ya tashi da jikka 560, wato kashi 28 na ribar duka. Kawu ya koma 45, kai ka koma 27. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce an cuci mai aiki, an ce 10 amma 8 ya gani. Ba a cuce shi ba. Shi ma mai jari ne, kuma kuɗinsa miliyan 2 sun ci amfanin wannan wahalar, don haka kasonsa na jari ya biya nasa ɓangaren ladan kamar yadda naku ya biya. Kamar watanda ne da mahaucin ma ya sa kuɗi a ciki: a fitar da hakkin fiɗa tukuna, sannan a kasa nama, kashinsa ya ragu daidai da yadda na kowa ya ragu.

Hanya ta biyu ita ce wadda ƙanenka ya fahimta. Kasonsa ya tashi daga 20 zuwa 30 cif, ya karɓi jikka 600. Saura kashi 70, jikka 1,400, ku biyu ku raba. Tun da jarinku 5 da 3 ne, sai a kasa kuɗin gida 8, kowane gida jikka 175. Kawu ya ɗauki gida 5, jikka 875, kai ka ɗauki gida 3, jikka 525.

Hanya ta uku, a ce kashi 10 na kasonsa ake nufi, wato a ƙara masa jikka 40 a kan 400 ɗinsa ya zama 440, Kawu ya samu 975, kai 585. A lissafi tana tsayawa da ƙafarta, amma ban ga mutumin da zai yarda ya kwashe watanni yana bin kasuwannin Mirya da Matamai da Magarya, yana gadin kaya, yana kwana a hanya, a kan jikka 40 ba. Ban ɗauka ita kuka nufa ba, kuma ba na so wani a cikinku ya fake da ita.

Ta huɗu kuwa ba wanda yake zaɓenta da gangan, na'ura ce take jefa mutane a ciki. Wani yaro mai ilimin kwamfuta ya ƙara 10 a layin mutum ɗaya, ya ga jimla ta zama 110, sai ya raba kowa da 110 don ta dawo 100. Abin da ke fitowa, Kawu kusan jikka 909, kai kusan 545 da rabi, ƙanenka shi ma 545 da rabi. Tsakaninka da Kawu babu zalunci a nan, amma ladan aikin ya zame daga kashi ɗaya cikin 10 ya koma ɗaya cikin 11 ba tare da kowa ya amince ba. Duk wanda ya ga jimla ta haura 100, alama ce cewa ba a faɗi wanda zai biya ƙarin ba, kuma maganinta a koma a faɗa.

Ka ga ke nan magana ɗaya ta ba ƙanenka 440, ko 545, ko 560, ko 600. Kowa a cikinku yana iya rantsuwa cewa shi abin da ya ji ke nan, kuma ba lallai wani ya yi ƙarya ba.

Inda rabon Kawu ya karkace

Akwai ma'auni guda da nake amfani da shi a duk rabon da aka kawo mini, kuma ba ya buƙatar ilimin boko mai zurfi. Ka raba abin da mutum ya samu da yawan jikkunan da ya sa, ka ga kowace jikka nawa ta haifa. Tsakanin waɗanda suka sa kuɗi kawai ba su yi aiki ba, dole amsar ta zama ɗaya. Jikkar Kawu da jikkarka buhu ɗaya suka saya, ɗaki ɗaya suka kwana, mota ɗaya suka hau, babu dalilin da zai sa wata ta fi wata haihuwa.

A hanya ta farko, kowace jikka ta haifi sefa 180, ta Kawu da taka da ta ƙanenka. A hanya ta biyu, kowace jikka ta haifi 175. Yanzu auna shawarar Kawu. Ya koma kashi 45, jikka 900, kai ka koma 25, jikka 500, ƙanenka 600. Jikkar Kawu ta haifi 180, taka kuwa ba ta kai 167 ba. Kowannenku ya bar jikka 100, amma shi daga miliyan guda ya bari, ɗaya cikin 10 ke nan, kai daga 600 ka bari, ɗaya cikin 6. Aikin da ƙanenka ya yi wa kuɗin Kawu ya fi wanda ya yi wa naka yawa, domin kuɗin Kawu sun fi yawa, amma an ce ku biya lada daidai wa daida. Idan aka gwada da rabon gaskiya na 875 da 525, jikka 25 ne suka tashi daga aljihunka suka koma na Kawu. Abin da ranka yake ji ke nan ka kasa faɗa.

Ba na zaton Alhaji ya yi haka da niyya. "A cire biyar a wurina, biyar a wurinka" magana ce da take sauka a kunne kamar adalci, har ma kamar babba ne ya fara sadaukar da nasa. Na sha ganin dattawa masu tsoron Allah sun kawo ta da zuciya ɗaya, kuma da aka nuna musu lissafin jikka da jikka su da kansu suka janye. Kuskuren yana girma ne gwargwadon tazarar jari. Da kai miliyan 1 ka sa shi kuma miliyan 7, cire 5 a wurinka zai kwashe rabin ribarka, shi kuwa ko ji ba zai yi ba.

Akwai wani abu da nake so ka lura da shi, domin shi zai sauƙaƙa muku zama na gaba. Hanya ta biyu ita ma cirewa daga sama ce, adadin ne kawai ya bambanta. Idan kowace jikka ta haifi 175, jarin ƙanenka ya kawo masa 350, sauran 250 ladan aiki ne, kuma 250 cikin miliyan 2 kashi 12 da rabi ne. Wato kai shi kashi 30 daidai yake da a ce an cire masa 12 da rabi daga sama. Yadda ake samo wannan adadi, a ɗauki ƙarin da ake so ya gani a hannu, 10, a raba shi da kason sauran abokan tarayya, 80. Saboda haka gardamarku ba ta hanya ba ce, ta farashin wahalar ƙanenka ce: 10 ko 12 da rabi. A kuɗin bana bambancin jikka 40 ne.

Abin da fiƙihu da doka suka ce

Mu a nan yawancinmu mazhabar Malikiyya muke bi, kuma tana da tsauri a wannan babi fiye da yadda ƴan kasuwa da yawa suka sani. A tarayyar da kowa ya sa dukiya, riba da asara da aiki duk gwargwadon jari ake so su kasance. Idan aka gindaya sharaɗin fifita wani a riba tun wajen ƙulla tarayyar, ƙullin ya ɓaci, sai a koma a raba ribar gwargwadon jari, wanda ya yi wa ɗan'uwansa aiki kuma a biya shi ladan aikin da ya yi. An kuma yarda abokin tarayya ya yi wa ɗan'uwansa kyauta daga kasonsa bayan an ƙulla, ba a matsayin sharaɗi ba. Hanafiyya da Hanbaliyya sun sassauta, sun yarda a fifita mai aiki a riba idan an yi yarjejeniya a kai. Ta kowace fuska aka duba, wahalar ƙanenka ba ta faɗi a banza ba.

Ƙofar da ta fi dacewa da abin da kuke yi a zahiri ita ce ƙiradi, wanda bankunan Musulunci suke kira mudaraba: wani ya ba da kuɗi, wani ya juya su, a ba mai juyawa wani sananne kaso na riba. An yarda mai juyawa ya haɗa da nasa kuɗin. Duba yadda lissafin yake fitowa idan aka bi ta nan. Kuɗinka da na Kawu miliyan 8 sun haifi jikka 1,600. Kashi 10 na wannan jikka 160 ne, ƙanenka ya karɓa. Nasa miliyan 2 sun haifi 400, nasa ne duka, ba wanda yake biyan kansa lada. Jimla 560, Kawu 900, kai 540. Daidai da hanya ta farko, ko dala ba ta bambanta ba. Idan kuma kuka sa kason ƙiradin ya zama 12 da rabi, ya karɓi 200 a kan 400 ɗinsa, an dawo 600, 875 da 525. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa nake fifita cirewa daga sama: lissafin akanta da tsarin malamai sun haɗu a lamba ɗaya. Abu biyu ne malamai ba su saɓa a kansu ba a ƙiradi. Kason mai aiki ya zama kaso na riba, ba tsayayyen kuɗi ba, kada a ce "jikka 200 ko nawa aka samu", domin wata shekara ribar duka ba za ta kai haka ba. Kuma ba a ɗora masa lamunin uwar kuɗi sai idan ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Ni akanta ne, fatawa ba tawa ba ce, kuma ƙiradi yana da sharuɗɗa na yadda ake ƙulla shi. Ku kai wa malamin da kuka yarda da shi siffar cinikinku kamar yadda take kafin ku sake saye.

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin ƙasashe 17 da suke bin dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993. Dokar kamfanoni ta wannan tsari, wadda aka sabunta a Wagadugu a watan Janairun 2014, ta ce a sashe na 54 hakkin kowane abokin tarayya gwargwadon abin da ya sa ne, sai idan takardar kafa kamfanin ta faɗi wani abu dabam. Wato doka ta yarda a fifita wani, in dai an rubuta. Abin da ta hana shi ne a ba mutum ɗaya ribar duka, ko a hana wani riba gaba ɗaya, ko a kuɓutar da wani daga asara gaba ɗaya, ko a jibga wa mutum ɗaya asarar duka. Ka lura da wanda rashin rubutu ya fi cutarwa: ƙanenka ne. Asalin da doka ta sani shi ne 50, 30, 20, kuma shi ne zai nemi hujjar ƙarinsa ranar da aka yi saɓani ko wani a cikinku ya rasu magada suka shigo. Idan wata rana kuka yi rajistar kamfani irin SARL, wato wanda asarar kowa a cikinsa ba ta wuce jarin da ya sa, akwai ƙarin ƙa'idoji biyu da za su taɓa rabonku. Dole a ware aƙalla kashi 10 na ribar shekara a asusun ajiya na doka har ya kai ɗaya cikin 5 na jarin kamfanin. Kuma idan aka rubuta aikin mutum a matsayin gudummawarsa ga kamfani, kason da ke rataye da wannan gudummawa ba ya wuce kashi 25.

Kashi 10 na wace riba

Ka ce riba ta fito miliyan 2, kuma ban ga littafinku ba, don haka na ɗauke ta yadda ka faɗa. Amma a aikina, rigimar da ta fi ta kaso zafi ita ce ta abin da ake kira riba. Ribar da ake cire ladan aiki a cikinta ita ce abin da ya rage bayan uwar kuɗi ta dawo cif, an kuma fitar da kuɗin buhu, da maganin ƙwari ko buhunan ajiya masu ruɓi uku, da hayar ɗakin ajiya, da ƴan dako, da mota, da la'adar dillali, da haraji da kuɗin kan iyaka. Abincin ƙanenka da masaukinsa a tafiyar kaya suna cikin kuɗin kashewa, ba daga ƙarinsa za su fita ba, amma ya riƙa rubuta su a ranar da ya kashe. Bashin da ba a karɓo ba bai zama riba ba tukuna. Idan akwai jikka 300 a hannun wani mai saye, a raba abin da ke hannu, na bashin ya jira ranar da ya shigo, a raba shi da lissafi iri ɗaya. Buhunan da suka rage a ɗaki ma haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk abin da aka kashe da duk abin da ya maƙale a fito da shi a wannan zama.

Waken da aka tsallaka da shi Maigatari ko Dawanau da naira ake sayar da shi, ku kuwa da sefa kuka sa jari. Tun da Nijeriya ta saki farashin naira a watan Yunin 2023 darajarta ta faɗi ƙwarai, kuma wanda ya ƙirga ribarsa da naira kafin ya canja yana iya tarar da wani abu dabam a hannun ɗan canji. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ya nuna mana yadda kaya suke iya maƙalewa kuɗin ajiya yana ta hawa. Ku sa a yarjejeniya cewa riba da sefa ake ƙirga ta, bayan an canja.

Ƙarin nan riba kawai yake taɓawa. Idan aka faɗi da miliyan 1, Kawu ya ɗauki jikka 500, kai 300, ƙanenka 200, shi ke nan. Ba a ce masa tun da kana cin 30 a riba ka ɗauki 30 a asara ba, ya riga ya yi asarar wahalarsa a kan ta kuɗinsa. Haka kuma ranar da kuka raba gari, miliyan 2 ɗinsa zai ɗauka daga uwar kuɗi, ba miliyan 3 ba. Idan kuma aka faɗi a wata shekara tarayyar ta ci gaba, ribar da ta biyo baya sai ta cike gurbin uwar kuɗi tukuna. An faɗi da miliyan 1, shekara ta gaba an samu miliyan 1 da rabi, to ladan aiki a kan jikka 500 ake lissafa shi.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina na ƙin rubuta "kashi 30" a takarda yana bayyana ne a shekara ta biyu. A ce kowa ya bar ribarsa a ciki. Jarin Kawu ya zama jikka 5,875, naka 3,525, na ƙanenka 2,600, jimla miliyan 12. Kason jarin ƙanenka ya tashi zuwa kusan 21.7, na Kawu ya sauko ƙasa da 49 kaɗan. To yanzu 30 zai ci, ko kusan 31.7? An koma gidan jiya. Idan Kawu ya cire ribarsa ku biyu kuka bar taku, kasonsa ya sauko kusan 45, naka ya haura 31, na ƙanenka ya haura 23. Idan mutum na huɗu ya shigo, komai ya sake motsi. Amma idan abin da aka rubuta shi ne "a cire kaza daga riba ladan aiki, saura a raba gwargwadon jarin kowa a ranar fara saye", wannan magana tana nan daram ko jari ya canja, ko mutane sun ƙaru, ko wani ya karɓi aikin daga hannun ƙanenka.

Abin da nake ba ka shawara a bana

Ban halarci zaman da kuka yi alkawarin ba, ku uku ne kuka san abin da aka faɗa. Amma wasiƙarka ta nuna wani abu. Ƙanenka ya fahimci 30. Kawu da ya ce a cire 5 da 5, shi ma 30 ya fahimta, tun da 10 cif yake neman inda za a samo. Mutum biyu cikin uku sun tafi a kan ma'ana ɗaya, kuma kai ba ka ce ka ji an ambaci cirewa daga sama ba. Idan haka ne, ni a ganina ku ba ƙanenka jikka 600 ɗinsa ba tare da ja-in-ja ba. Ban ga ya yi yawa ba. Jikka 200 ne ya karɓa a kan juya muku miliyan 8 tun daga kaka har sayarwa, alhali a kasuwa na saba ganin mai juya kuɗin wani yana karɓar sulusin riba, wani lokaci har rabi. Mutumin da ya riƙe amana ya dawo da uwar kuɗi da riba a kai, rage masa jikka 40 da hujjar lissafi ba zai amfane ku ba a kaka mai zuwa.

Abin da za ka nema a gyara shi ne rabon sauran jikka 1,400, ya zama 875 da 525. Ka samu Kawu shi kaɗai, ba a gaban ƙanenka ba, kada ya ji kamar an tara masa yara. Ba sai ka ce an rage maka ba. Ka ce, "Kawu, na zauna da lissafin nan, na ga jikkarka ta kawo 180, tawa 167, ko za ka duba mini?" Ka miƙa masa takardar ya gani da idonsa, ɗan kasuwa ne, zai gane kafin ka rufe baki. Idan bayan ya gani kai da kanka ka ga dama ka bar masa jikka 25 ɗin don girmamawa, wannan kyauta ce daga hakkinka, kuma ka faɗa masa cewa ta bana ce, don kada 45 da 25 su zama ƙa'idar da za a riƙa binku da ita kowace shekara.

Kafin ku sake fita saye, ku zauna ku uku da shaidu biyu ku rubuta, ko da Hausa ne, ko da ajami. A sa sunan kowa da abin da ya sa da ranar da ya sa. A sa cewa bayan uwar kuɗi ta dawo an fitar da kuɗin kashewa, za a cire kashi kaza cikin 100 na ribar a ba mai kula da kaya, 10 ko 12 da rabi ko abin da kuka daidaita, saura a raba gwargwadon jari har da nasa. A sa cewa asara gwargwadon jari ce, ladan aiki ba ya ƙara wa kowa mallakar uwar kuɗi, kuma yana bin wanda ya yi aikin ne. A ƙasan takardar ku yi misali biyu da lambobi, ɗaya na ribar miliyan 2, ɗaya na faɗuwar miliyan 1, a rubuta jikka nawa kowa zai karɓa ko zai ɗauka, domin a wajen lambobin ne za ku gane ko abu ɗaya kuke nufi. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.